Sai Shamuwa Ta Zo

Ranar da aka gama ɗaure dawa aka kai rumbu, Baba ya kira ni zaure bayan sallar lisha. Yana zaune a kan buzu, fitilar ƙwai a gabansa, ga wani sabon allo na itacen aduwa jingine da bango, ko ɗigon tawada bai taɓa sha ba. Shi ba mai dogon zance ba ne. Cewa kawai ya yi jibi Malam zai tashi da yara zuwa gabas, kuma har da ni. Na yi ta maza na tambaye shi yaushe za mu dawo. Ya ce, "Sai shamuwa ta zo."

Shekarata goma a lokacin, kakar 1987, a garinmu Balan ta ƙasar Gaya. Ba a riga an yanke Jigawa daga jikin Kano ba, sai a 1991 aka yi wannan, don haka kwana ukun da muka yi muna taka sayyada, ta Jahun har muka gota zuwa wajajen Kafin Hausa, ko jiharmu ba mu bari ba. Ni dai a raina bangon duniya muka kai.

Wanda ya tono mini wannan tsohon zance ɗan ƙanwata ne da ke karatu a Amurka. A dogon hutunsu na bara ya samu aikin wanke-wanke a kicin ɗin wani sansanin yara cikin duwatsun jihar Pennsylvania, sansanin kuma na Yahudawa ne. Da ya yi mako biyu sai ya bugo mini waya yana dariya, ya ce, "Kawu, wallahi tsangaya na tarar a nan, sai dai ta masu hali ce." Na ce ya bar shirme. Ya ce to in saurara.

Wai da an rufe makarantun boko a ƙarshen Yuni, lokacin da mu muke fama da noman farko su kuma zafinsu ya kankama, sai iyaye su zuba 'ya'yansu a manyan motoci a kai su daji, bakin wani tafki, su zauna daga mako biyu har zuwa takwas, ba uwa ba uba. Ɗakunan katako ne, kowanne da yara goma sha wani abu, gado a bisa gado, tare da samari 'yan jami'a biyu ko uku masu kula da su, a kwana tare a tashi tare. Waɗannan, in ji shi, ai su ne gardawan. Waya tun a ƙofa ake karɓe ta, mai son gaida gida sai dai ya rubuta wasiƙa. Da safe a yi addu'o'i da Ibrananci, a karya, a share ɗaki, sannan a watse: wasu iyo, wasu ƙwallo, wasu darasin addini a gindin bishiya. Ɗakin cin abinci da tafki da ɗakin magani duk da sunayen Ibrananci ake kiransu, alhali yaran da Turanci suka buɗe baki, don kalmomin su zauna musu ba tare da sun ji ana koya musu komai ba. In an ci an ƙoshi ba mai tashi sai an rera doguwar addu'ar godiya, ana yi ana bubbuga tebur.

A kicin ne ya fi shan mamaki. Naman alade ba ya shiga, wannan ya kwantar masa da hankali. Amma a shari'arsu nama da madara ba sa haɗuwa, ko a tukunya, ko a cokali, ko a ruwan wanke-wanke. Kayan nama da jar alama, na madara da shuɗiya, ga kuma mutum guda da ba shi da wani aiki sai sa ido a kan wannan. Ran nan ɗan nawa ya yi suɓutar hannu ya jefa ludayin nama cikin ruwan kayan madara, aka tsame ludayin aka ware shi gefe kamar mai ƙyanda. Ranar Juma'a da yamma kowa ya yi wanka ya sa fararen kaya, a kunna kyandir kafin faɗuwar rana, shi ke nan an shiga Asabar ɗinsu: ba rubutu, ba hura wuta, ba aiki, sai washegari da dare in taurari uku sun fito, a taru a bakin tafki da wani kyandir mai kitso a sallami ranar.

Da na bi sawu sai na ga abin ya daɗe. Tun 1902 aka buɗe sansanin Surprise Lake a arewa da birnin Niyok, don 'ya'yan talakawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, waɗanda ke cunkushe a unguwar Lower East Side, su samu su shaƙi iska. Daga shekarun 1940 manufar ta sauya. Aka kafa Massad a 1941 inda Ibrananci ne harshen sansani, aka kafa Ramah a jihar Wisconsin a 1947. Iyaye ne suka ga 'ya'yansu na narkewa cikin Amurkawa, harshe na zurarewa, addini na komawa na ranar biki kawai. Suka ga ɗan darasin da ake yi bayan an taso daga boko ba zai riƙe yaro ba, sai an ɗauke shi ɗungurungum an kai shi inda addinin shi ne safe shi ne dare. Dubban daloli suke biya a kan kowane yaro.

Na sani a wannan zamani da an ambaci Yahudawa zuciya Gaza take tafiya, tawa ma haka, kuma ɗan nawa bai ɓoye mini ba cewa tutar Isra'ila na kaɗawa a sansanin kusa da ta Amurka, har akwai ranakun da ya ɗauki abincinsa ya koma bayan kicin shi kaɗai. Wannan zance ne mai zaman kansa. Ni abin da ya tsaya mini shi ne, dalilin da suke kai yaransu daji shi ne dalilin da Baba zai ba ka da ka tambaye shi a zauren nan. A wurinsa yaro ba ya karatu a gindin uwarsa, ga aike, ga kiwon awaki, ga kaka mai cewa a ƙyale mata mijinta ya yi barci.

Abin da muka je yi sunansa kiskadi. Malam ya bar gari ya fita da ɗalibansa bayan wani ƙauye, ya nemi izinin mai gari, a sauka a gonar da aka girbe. Gabas ake nufa domin can ne gidan abin. Daga Barno tsarin tsangaya ya bazu, inda sarakunanta suke ba malamai takardar mahram mai ɗauke musu haraji, kuma har gobe in aka ce wane ya yi gabas, an san Alƙur'ani ya je nema, ko Haɗeja ce, ko Nguru, ko Gashuwa, ko Maiduguri. Mu kusan arba'in muka tafi, 'yan Balan, da wasu daga Kademi, da 'yan ɓangaren Ajingi daga Toranke. Jakuna huɗu ne suka ɗauki hatsin da iyaye suka haɗa wa Malam. Cikin kwana biyu gardawa suka kafa bukkokin kara, suka ja zana ta gefen da iskar hunturu ke bugowa, suka share fili a tsakiya aka haƙa gurbin wuta. Gidanmu ke nan na wata biyar.

Kowa da matsayinsa. Mu ƙanana kolaye ne. Sama da mu titibirai, 'yan sha biyu zuwa sha shida, waɗanda suka fi kowa ƙiriniya. Sai gardawa, samari masu gemu tsiri-tsiri da suka sauke suna neman hadda. Malam kansa alaramma ne, wato ya haddace kuma ya rubuta Alƙur'ani da ka. Sama da shi akwai gwani, akwai gangaran, waɗanda mu sai dai mu ji labarinsu kamar na sarakuna.

Ba agogo a kiskadi. Gardin da ke da aikin tashi gamzaki yake dubawa. Tun duhu na duhu za ka ji tsumagiyar tsamiya na sauka a jikin bukka, in ba ka fito ba ta sauka a naka. Sanyin wannan lokaci ba a ba yaro labarinsa. Ruwan alwala a buta kamar an jiƙa allurai, ƙafa ta yi faso har tana jini, mu uku a buhu ɗaya muke kwana. Sai a hura wuta da karan dawa a zagaye ta, kowa da allonsa a cinya. Ko a zaman nan akwai siyasa: gardawa ta inda iska ke fitowa suke zama, mu kolaye aka bar wa ɓangaren hayaƙi, ga hawaye ga majina ga karatu.

Wanda bai taɓa ji ba zai ɗauka hayaniya ce kawai. Mutum arba'in, kowa da inda yake, kowa da iyakar muryarsa, wani yana Ƙulhuwallahu wani yana tsakiyar Baƙara. Amma Malam na kishingiɗe a buzunsa, rawani ya rufe masa rabin fuska kamar mai gyangyaɗi, sai ka ji ya ɗaga murya, "Kai kolo na bayan zana, fataha ce ba kisira ba!" Daga cikin muryoyi arba'in ya tsinto wasali ɗaya. Na yi boko daga baya har na koyar, ban taɓa ganin kunne irin wannan ba.

In an yi sallar asuba gari ya fara haske, sai biyawa. Ka durƙusa gaban Malam ko gardin da aka haɗa ka da shi, ka karanta allonka. In ya zauna a ce ka wanke, in bai zauna ba ka koma da shi, kuma babu abin kunya wurin kolo kamar ya kwana uku bai yi wanki ba. Ruwan wankin allo ba a zubar da shi ko'ina, akwai gurbinsa mai tsarki, wani kuma ya shanye abinsa. A kanga allon a wuta ya bushe, a ɗauko kurtun tawada, wadda mu muke haɗa ta da gawayi da ƙaro, a fiƙe alƙalamin gamba. Wanda hannunsa bai faɗa ba gardi ya rubuta masa, wanda ya kai zuƙu ya rubuta da kansa yana duba takarda.

Waɗanda suka fi ni ƙanƙanta suna babbaƙu, kuma har yau ina jin daɗin sunayen nan da kakanninmu suka raɗa wa haruffan Larabci don yaron Bahaushe ya gane su da kamanninsu: ambaki mai buɗaɗɗen baki, hakuri, minjaye mai jan wutsiya, sinara. In an gama babbaƙu a shiga farfaru, a ɗora wa baƙi wasali. Da ruwayar Warshu muke karatu, da rubutu irin namu mai kauri, ba irin bugun Madina da yaran Islamiyya suka saba da shi yanzu ba. Da hantsi, in mun watse, Malam kan zauna a inuwar bukkarsa yana satu, wato rubuta Alƙur'ani da ka a kan warwarin takardu. Baƙi da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, wani ɗigon kuma kore. Wata rana na laɓe ina kallonsa, ya yi shafi guda bai ɗaga kai ba bai duba komai ba. Da ya gan ni bai kore ni ba, cewa ya yi in riƙe masa takardar ta sha iska, kada in bari ƙura ta hau. Na riƙe ta da yatsu huɗu ina ɗauke numfashi.

To, sai maganar ciki.

Hatsin da jakuna suka kawo na tuwon dare ne, shi ma ba kullum ba, kuma kafin wata uku ya ƙare. Sauran a ƙauye ake nemowa. Da hantsi kowa ya ɗauki ƙoƙonsa mu bazu gida-gida. Ɗumame, ƙanzo, ragowar koko, wani lokaci gasarar da ta fara tsami, duk a ƙoƙo ɗaya. Ranar farko wata mata ta leƙo ta tambaye mu 'yan ina ne, muka ce 'yan Gaya. Ta ce, "Ashe kun saba," ta juye mana gayan tuwo ko ɗigon miya babu, tana ƙyalƙyala dariya. Sunan ya bi mu har muka bar garin.

Amma bara irin ta wancan lokaci ba yawon kan titi ba ne. Cikin mako guda kusan kowane kolo ya samu uwar ɗaki. Tawa wata tsohuwa ce mai saƙar faifai, 'ya'yanta maza duk sun tafi cirani. Ni ke ɗebo mata tulu biyu a rijiya da safe, in kai mata niƙa, in kore mata kaji daga shanya. Ita kuma kullum akwai kwanona a rufe da faifai a bayan randa. Ranar da ta ga ƙafata ta ce, "Zo nan, ɗan nan, wannan ƙafa ko ta jaki," ta zaunar da ni ta wanke fason da ruwan ɗumi ta cusa masa man shanu. Iya nake ce mata, ban taɓa sanin sunanta ba. In aka ce tsangaya ta rayu shekaru ɗaruruwa ba ta da baitulmali, irin waɗannan tsofaffi ne baitulmalinta. Ƙauyen ma ba asara yake yi ba: gardawa na yi musu yaɓe da jinka da ɗinkin hula, Malam na yi musu sallar gawa da raɗin suna, ga albarkar karatu da suke ji tana tashi daga bayan garinsu kowane dare.

Bayan azahar a sake zama har la'asar. Daga nan sai itace, kuma wannan doka ce da ba ta da afuwa. Kowane yaro sai ya kawo ɗaurinsa kafin magariba, domin itacen nan shi ne fitilarmu, in babu shi babu karatun dare. Tun muna samu a kusa har ya zama sai mun yi nisa, muna tsinkar magarya da kurna a hanya, muna jifan goruba. Wanda ya dawo hannu rabbana ya san abin da ke jiransa. Akwai wani gardi, Allah ya yafe mana da shi, da yake dukan yara kamar yana bin su bashi, ya taɓa fasa mini baya a kan ɗaurin da ya ce ya yi ƙanƙanta. Ba tarbiyya ba ce wannan, mugunta ce, kuma Malam ya sani ya kau da kai. Akwai kuma wani, mai ɗinkin hula, da ya ji ina shessheƙa cikin buhu a makon farko. Bai ce mini namiji ba ya kuka ba. Hannu kawai ya zuro ta jikin kara ya ajiye mini ƙuli-ƙuli biyu ya wuce. Ɗan ƙanwata ya ce can ma haka ne, makon farko in dare ya yi ɗakunan ƙananan yara kuka ne ƙasa-ƙasa, sai dai su samarin nasu kafin yara su iso sai an zaunar da su an koya musu yadda ake lallashin mai kewar gida. Mu kuwa sa'a ce, ko ka faɗa hannun mai ƙuli-ƙuli ko na mai tsumagiya.

Hutunmu daga yammacin Laraba ne zuwa bayan sallar Juma'a, al'adar da malamai ke dangantawa ga Sayyidina Umar. Daren Alhamis wutar nan dai ita ce, amma ba allo. Titibirai su kafa langa a farin wata, gardawa su shiga labarin aljanun da suka gani a hanyar Gashuwa da gwanayen da ke iya faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo a Alƙur'ani da inda kowacce take, ilimin da suke kira harji. Da safe a tafi kududdufi wanki. A tuɓe riga a baza ta a rana ana bin ɗinki ana kashe ƙwarƙwata da farce, gardi ya jera mu ya yi mana ƙwal-kwabo da aska ɗaya, wanda shi ya sa makero bai bar kan kowa ba. Da rana a bi ramin gafiya da hayaƙi. Naman da na ci a wata biyar ɗin nan, in ka cire na ranar da wani attajirin ƙauyen ya yi sadakar akuya, duk na gafiya ne da kurciya.

Da sanyi ya wuce zafi ya shigo, wajen watan Maris, wani yaro ɗan ɓangaren Ajingi da muke kwana buhu ɗaya ya tashi da ciwon kai, kafin dare wuyansa ya sanƙare. Aka yi masa rubutu ya sha, aka yi tofi. Sai a rana ta biyu aka samu aron keke aka kai shi inda ake allura, tafiyar rabin yini. Sanƙarau ne. Ya rayu, wani gardi ya mai da shi gida da allonsa a rataye, amma kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba. Shi ya faɗo mini a rai da ɗan ƙanwata ya ce a sansaninsu akwai ɗakin magani da ma'aikaciyar jinya mai kwana a ciki, kuma ba a karɓar yaro sai da takardar likita.

Don haka in na ce ɗan nawa ya yi gaskiya, rabin gaskiya ya yi. Ɗauke yaro daga gida na ɗan lokaci, a haɗa shi da tsaransa a ƙarƙashin na gaba da shi, ya tashi da addini ya kwana da shi, wannan ba jahilci ba ne kamar yadda wasu 'yan bokonmu ke faɗa a rediyo, tunda ga waɗanda suka fi mu boko suna biyan kuɗi a yi wa nasu. Ni a wata biyar na tashi daga Sabbi na kai Tabara, abin da shekara biyu a gida ba ta ba ni ba. Inda muka rabu da su wuri biyu ne. Su kafin yaro ya bar gida an san tukunyar da zai ci, an kuma san ranar da zai dawo. Mu a zamanina tukunyar rabi ce, amma ranar dawowa tabbas ce, domin gona na jiran Malam kamar yadda take jiran iyayenmu.

Yanzu duka biyun sun kuɓuce. Tun da Turawa suka ci Kano a 1903 kuɗin hukuma ya karkata ga boko, tsangaya ta rage a wuyan talakan ƙauye, shi kuma ya ɗauka muddin rumbunsa na da abin ɗauka. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai yau gida tara ke cinta. Ƙauyen da zai ciyar da baƙin yara arba'in na wata biyar ya yi wuya, sai malamai suka juya akalarsu birni, birni kuwa ba shi da damina da rani, kullum akwai mai miƙo naira ashirin ta tagar mota. Tafiyar rani ta zama zama. Uba ya kai yaro ɗan shekara shida ba hatsi ba sabulu, ya shekara uku bai leƙa shi ba. Fim ɗin nan Duniya Juyi Juyi da wasu almajirai suka shirya da kansu a Kano a 2011 ya nuna wannan rayuwa daga bakin masu ita.

Hukuma ta yi ta kai gwauro ta kai mari. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi cikin Sakkwato, aka gina irinta da dama a Arewa, da yawansu suka zama kufai. A farkon 2020 gwamnatin Ganduje ta haramta bara a titunan Kano, da korona ta shigo kuma aka yi ta lodin yara a motoci ana mayar da su jihohinsu kamar kayan da aka ƙi saya. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta ta ƙasa. Gini, hani, hukuma. An taɓa gwada ciyar da wasu tsangayu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, abin bai game ko'ina ba bai kuma ɗore ba, amma a ganina shi ne ya fi kusa da inda ciwon yake.

Ba kuwa don ba mu iya ba ne. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta daɗe tana tara matasa a hutun Disamba a abin da kowa ya sani da IVC: a ari makarantar kwana, a biya kuɗin rajista, a kwana a aji a kan tabarma, a tashi tahajjud, ga masu girki ga 'yan agaji da akwatin magani, bayan kamar mako guda kowa ya koma gidansu. 'Yata ta je sau biyu. Da za ta tafi uwarta har da soya mata nama, ta rubuta lambar wayarta a jikin bokiti. Na tsaya ina kallon bokitin nan ina tuna ƙoƙona.

Kwanakin baya a tashar Wudil wani kolo ya riƙe mini gefen riga. Da na ji harshensa na san na gida ne, na tambaye shi, ya ce daga wani ƙauye yake kusa da mu, har na san kakansa. Na ce yaushe rabonsa da gida, ya ce tun kafin azumin da ya wuce, kai, wanda ya wuce kafin shi ma. Lokacin kuwa ana tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu.

Mu a namu lokacin, wata safiya cikin Afrilu bayan biyawa, wani titibiri ya nuna kan tsamiyar bakin ƙauye ya ƙwala ihu. Shamuwa ce guda biyu, baƙaƙe masu farin ciki, suna tsaye kamar baƙin da suka san gidan. Ba wanda ya ƙara kallon allo a ranar. Malam ya yi kamar bai ji ba har kwana huɗu, sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, sannan ya ce a ɗaure kaya. Na je sallama wurin Iya, ta ƙulle mini gyaɗa a tsumma ta ce in gaida uwata, in ce mata ta iya haihuwa. Bukkokin muka bar wa masu gona su yi makamashi.

Da la'asar muka shigo Balan. Kakata ce ta fara hango ni, ta ɗaga murya wai wane ne wannan baƙin almajirin, ita mijinta fari ne mai ƙiba, a ba shi sadaka ya wuce. Inna tana bakin murhu. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana ba ta kuma kallona a gaban mutane, don haka ko juyowa ba ta yi ba. Ƙwaryar fura kawai na ga an turo ta da ƙafa ta tsaya a gabana, an dama ta da nono har ludayi na tsayawa. Kafin in shanye ta aiko ƙanwata ta karɓi rigata, aka tsoma ta a tafasasshen ruwa da toka. Da dare Baba ya karɓi allon, wanda yanzu ya yi baƙi ya yi santsi, ya juya shi gaba da baya a hasken fitila, ya ce in karanta. Na karanta. Ya gyara mini madda ɗaya, ya jingine allon a inda na fara ganinsa, ya ce in kwanta da wuri, gobe akwai sharar gona.